Dukan da Masta Haladu Ya Karɓa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata da hantsi ina kwance a ƙarƙashin wani keke mai ƙafa uku a shagona na Tudun Wada, ina fama da wani noti da ya ƙi kwancewa, sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Na ciro ta da hannun baƙin mai, na ga sunan Obinna, abokin wasana a fim. Ko gaisuwa bai yi ba. Ya ce, "Sabi'u, sai haƙuri. Masta ya rasu yanzu-yanzu, ina ƙofar gidan." Na ce na ji. Na ɗora wayar a ƙirjina, na daɗe a kwance ina kallon cikin keken, har mai shi ya leƙo yana tambaya ko lafiya.

Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, ba kuma zan yi wa masu karanta wannan ba. Abin da ya fara shiga zuciyata tsoro ne. Baƙin cikin ya zo daga baya, ya kuma zauna daram. Mutumin da ya rasu shi ne ya taɓa tsayawa tsakanin hannuna da ran Obinna, kuma ina zaton daga ni sai shi muka san haka. Shekara tara ya riƙe maganar. Yau da ya kwanta dama, ni zan faɗe ta da bakina, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sunansa Malam Haladu, amma in ka ce haka a Jos sai mutane su tsaya tunani. Masta kowa ya sani. Kafinta ne, ɗan kafinta, mahaifinsa ya zo garin nan tun zamanin haƙar kuza. Tun yana saurayi Masta ya kamu da son fina-finan Chanis, irin na faɗa da ɗaukar fansa, har ya je ya koyi kareti wurin wani tsohon soja. Da samari suka fara shirya ƙananan fina-finan Hausa a Jos, shi ake kira ya tsara faɗa. Mu kuma ɗalibansa kullum bayan la'asar muna filin wata firamare, yana koya mana yadda ake kai duka da yadda ake faɗuwa.

Kallon fim da Masta wahala ne, wallahi. Kana cikin jin daɗi, jarumi ya shiga gidan bos, sai ya miƙa hannu ya kashe murya. Mu yi ta ƙorafi, shi ko a jikinsa. Ya ce, "Ƙara ce take ruɗin ku. Kashe ta ku ga gaskiyar faɗa." Sai ya mayar da kaset baya sau biyar, yana ƙirga taku da yatsa. Yakan ce a fim mai kyau tun daga tsayuwar mutum za ka san halinsa: mai salon damisa gaggawa gare shi, mai salon zalɓe haƙuri, mai salon maciji kada ka ba shi amana. Ya tsani fim ɗin da ake yanka hoto gutsi-gutsi kamar ana yanka kuɓewa. Wai duk wanda ya iya faɗa ba ya gudun a ja kyamara baya a nuna shi daga kai har ƙafa. Ƙarar dukan da kuke ji a fina-finanmu kuwa, bari yau in tona, kabeji ne. Masta zai sayo manya biyu, ya shiga ɗakin ɗaukar murya da muciya, ya yi ta jibga, in an gama ya kai wa Mama Talatu, matarsa, ta yi miya.

Labarin fina-finan ne bai taɓa gamsar da shi ba, duk son da yake musu. Yakan ce, "Labari ɗaya ne suke ta sake masa riga. An kashe malaminsa ko yayansa, ya hau dutse ya yi shekara uku yana ɗiban ruwa, ya sauko ya kashe bos, a rubuta ƙarshe. To washegari fa? Shi bos ɗin ba shi da ƙane?" Mu dai dariya muke yi, mu ce Masta ka cika ɓata wa mutane fim.

A wurin aiki dokokinsa biyu ne, ba ya kuma ɗaga wa kowa ƙafa. Ta farko, duka yana tsayawa tazarar yatsa huɗu daga jiki, wanda aka kai wa ne zai sayar da shi da wuyansa da fuskarsa. Ta biyu, ba a shiga da sandar da ba shi ya sassaƙa ba. Da tukurwa yake yin su, marasa nauyi, ya shafa musu baƙin fenti, kuma kowace safiya sai ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ya ji nauyinsu. In ana gwaji ba ya kallon hannu. Tsugunawa yake yi ya zuba wa ƙafafu ido, domin a cewarsa hannu maƙaryaci ne, amma mai niyyar duka da gaske sai diddigensa ya ciji ƙasa.

Rana ɗaya muka fara zuwa wurinsa ni da Obinna. Shi haifaffen Anguwan Rukuba ne, iyayensa daga Kudu suka zo, yana sayar da kayan gyaran mota. Dogo ne mai kaurin murya, don haka kullum shi ne bos, ni jarumi. Na kashe shi a fim ya fi sau goma, muna gamawa mu zauna mu ci masa a kwano ɗaya.

Sai aka yi ɗaya daga cikin fitintinun da suka afka wa garin nan. Ba sai na faɗi wacce ba, duk ɗan Jos yana da tasa ranar da ba ya son tunawa. Yayana Nasiru, wanda ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, ya fita da babur ɗinsa na haya da safe, bai dawo ba. Kwana uku muna nema kafin mu same shi, ni na gane shi da zoben hannunsa. Bayan 'yan watanni wani ya raɗa mini a majalisa cewa ya ga Obinna a kan hanyar da aka kashe Yaya Nasiru ranar da abin ya faru. Ban bincika ba, ban tambayi kowa ba. Na haɗiye maganar, ta zauna mini a ciki tana ruɓewa.

A lokacin mutane sun daina tsallakawa unguwannin juna. Masta da ƙafarsa ya tafi har Anguwan Rukuba, ana ta ce masa kada ya je, ya riƙo hannun Obinna ya dawo da shi fili. Su Obinna ma an ƙone shagon mahaifinsu, amma ni wannan bai dame ni ba. Na miƙa masa hannu muka gaisa, ina murmushi.

Da aka kawo mana sabon fim, sai na ga kamar da ni aka rubuta shi. An kashe wa jarumi yaya, ya koyi faɗan sanda, ya je ya rama. Bos ɗin yana sa baƙar riga har ƙasa da malfa, ya rufe fuskarsa da ƙyalle. Faɗan ƙarshe a bayan gari za a ɗauka, a kan wasu duwatsu da ke bakin tsohon ramin kuza da ya cika da ruwa, irin ramukan da ba wanda ya san zurfinsu. Taku goma sha biyu Masta ya tsara. A na ƙarshe jarumi zai kai wa bos sanda a wuya, bos ya faɗa kan katifar da aka ɓoye a bayan dutse. Daga katifar zuwa bakin ruwan bai fi taku biyu ba.

Allah Ya yafe mini. Na je na samo ƙirya, icen da ake yin taɓarya da shi, na sa aka sassaƙa mini daidai tsawon sandar Masta, na shafa mata baƙin fenti. Na yi lissafin cewa za a ce kuskure ne a wurin aiki. Ina salla a kwanakin nan, ina azumin Litinin da Alhamis, kuma sandar tana ƙarƙashin gadona. Wannan shi ne abin da har yau yake firgita ni game da kaina.

Ana jibi za a ɗauka muka yi gwajin ƙarshe da sandunan tukurwa. Masta yana tsugune kamar kullum. Da muka gama ya ce, "Sabi'u, diddigenka yana cizon ƙasa." Na yi dariya na ce takalmin ne sabo. Ya dube ni, ya ce to.

Ranar kuwa an kwana ana ruwa, gari ya waye da hazo da sanyi. Na riga kowa zuwa na cusa sandata a cikin sauran. Masta ya zo ya fara ɗaga su ɗaya-ɗaya. Da ya zo kan tawa sai na zuba masa ido. Ya ɗaga ta, ya riƙe, ya juya ta a hannu. Ina jiran ya yi ihu, ko ya kwaɗa mini ita, da ma hakan ya yi. Sai ya tako har gabana ya miƙo mini, ya ce, "Ga taka." Ya wuce bayan dutse inda ake sa kaya. Na ce a raina tsufa ya fara kama Masta.

Darakta ya ba da umarni. Bos ya fito daga bayan dutse cikin baƙar riga, fuska a rufe, yana tafiyar nan ta Obinna, kafaɗar hagu a karkace. Muka fara. Ɗaya, biyu, uku, sanduna suna haɗuwa, ni ba na ganin komai sai zoben Yaya Nasiru. A taku na goma sha biyu na tattara duk ƙarfin da Allah Ya ba ni na kai wa wuyansa. Kafin sandar ta isa sai ya miƙe a kan yatsun ƙafa, ya ɗaga hannu, ya juya mata gefen ƙirjinsa. Obinna bai iya wannan ba. Na ji ƙarar a cikin hannuna tun kafin in ji ta a kunne, kuma ba ta yi kama da ta kabeji ba ko kaɗan.

Darakta yana ta murna, yana cewa ba a taɓa ɗaukar irin wannan ba. Na waiga, sai ga Obinna tsaye a bayan mai kyamara, daga shi sai singileti, baki buɗe. Da rarrafe na isa bayan dutsen na yaye ƙyallen. Masta ne, kwance rabi a katifa rabi a ƙasa, jini a gefen bakinsa. Mutane suka taho a guje. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji ya ce, "Santsi ne ya ɗebe ni, na bugu da dutse." Sannan ya damƙi wuyan hannuna, ya ce a hankali, "Jefa ta ruwa." Na jefa. Obinna ne ya goya shi a baya ya sauko da shi har bakin mota.

Haƙarƙari uku suka karye, ɗaya ya taɓa huhu. Sai da na yi mako ban iya zuwa duba shi ba. Ranar da na je, ya sa Mama Talatu ta ba mu wuri. Na durƙusa ina kuka. Da na samu kaina na ce, "Masta, tunda ka gane, me ya hana ka karɓe sandar?"

Yana magana yana hutawa, saboda numfashi. Ya ce, "In na karɓe ta ranar, gobe ka samu Obinna a shago da wuƙa, ba na nan. Na ga gara ka ji yadda ƙashin mutum yake karyewa a hannunka, a jikin wanda zai yafe maka." Sannan ya ce, "Ka ji daɗi?" Na ce a'a. Ya ce, "Nasiru ya dawo?" Na ce a'a. Ya ce, "To tashi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Kada in ji maganar nan a bakin kowa muddin ina da rai."

Bai sake komawa daidai ba. Mutumin da yake tsallake benci biyu a tsaye ya koma koyarwa daga zaune. Duk damina da duk lokacin sanyi tari ya tasar masa, in yana yi sai ya dafe gefen nan na hagu, ni kuwa in rasa inda zan sa idona. Ko sau ɗaya bai taɓa yi mini gori ba, ko da wasa. Abin da ya yi shi ne ya ci gaba da haɗa ni da Obinna a kowane fim. Na roƙe shi ya canza mini abokin wasa, ya ƙi. In za mu fara sai ya sauko daga bencinsa da ƙyar, ya tsuguna, ya zuba wa ƙafafuna ido har a gama.

Likita ya ce ciwon ƙirji ne ya yi ajalinsa, na kuma yi imani kowa da kwanansa. Amma da aka zo wanka aka ce ni ne babban ɗalibinsa, in shigo in zuba ruwa. Na ga wurin da idona, ya lotsa, daidai faɗin sanda. Tun ranar in na tsaya salla sai in ji ina tsoron ɗaga hannuwan nan.

Ranar sadakar uku Obinna ya zo ya zauna a ƙarshen tabarma, ya sunkuyar da kai. Da aka shafa fatiha na ja shi zuwa rumfar kafintan Masta, cikin katakon da bai gama aiki da su ba. Na faɗa masa komai, ban rage ba. Na ce dukan nan nasa ne, wuyansa na nufa. Ina jiran ya shaƙe ni.

Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Masta ne ya gaya maka?"

Ya ce, "Oga bai gaya mini komai ba. Ya ce kawai in cire riga, shi zai yi. Amma na ga lokacin da ka jefa sanda a ruwa. Sandan ya nitse, Sabi'u. Tukurwa ba ya nitsewa."

Ya ci gaba. Ya ce ranar da aka kashe Yaya Nasiru lallai yana kan hanyar, yana dawowa daga shago. Ya ga an tare mutane, ya kuma gane fuskar Nasiru. Ya ce, "Ban taɓa shi ba, Allah yana gani. Amma ban buɗe baki ba. Tsoro ya kama ni, na gudu. Shi ya sa da na ga sandan ya nitse ban kai ƙara ba, na ce wataƙila haƙƙin Nasiru ne."

Sai ya goge ido da bayan hannu ya ce, "Shekara tara, duk ranar da za ka ɗaga mini sanda, sai na yi sallama da matana da yarana kamar ba zan dawo ba. In na zo na ga Oga ya tsuguna yana kallon ƙafanka, sai in samu ƙarfin tsayawa. To yanzu wa zai kalla?"

Ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan tun ranar Talata. Akwai fim ɗin da Masta ya tsara mana bai ga ƙarshensa ba, saura faɗa ɗaya, an sa Asabar mai zuwa. Na ce wa Obinna in ya ce a fasa, ni zan je in gaya wa darakta. Ya ce, "Zan zo. Amma ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba." Na ce ni ma haka.

Jiya na durƙusa a gaban Mama Talatu na faɗa mata abin da ya karya mijinta. Ta saurara har ƙarshe, ta gyara mayafin takabarta, ta tashi ta shiga ɗaki. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba, ba ni kuma da bakin da zan matsa mata.

Ya Allah, ga bawanKa Haladu ya zo gare Ka da ƙirjin da ya tare wa wani mutuwa, ya tare wa wani zunubin kisa. Ka jiƙansa, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka ba Mama Talatu da 'ya'yansa haƙurin rashinsa da haƙurin abin da suka ji daga bakina, Ka tsaya musu a kan lamuransu. Ka jiƙan Yaya Nasiru da duk waɗanda garin nan ya rasa, Ka kiyaye mu da sake ganin irin waɗannan ranaku. Ranar Asabar bawanKa Obinna zai tsaya a gabana ya miƙo wuyansa, ba kuma mai tsugunawa a gefe. Ya Allah, Kai ne mai gani, Ka riƙe hannuna. Amin.